Kwana huɗu a wani masauki na bakin teku a Gran-Popo: abin da na yaba da abin da ya ɓata mini rai

Mutanen Maraɗi da yawa suna zuwa Kwatano, amma kaɗan ne daga cikinsu hutu yake kai su. Mai zuwa fiton kaya daga tashar jiragen ruwa, da mai zuwa sayen mota, da mai kai albasa kasuwar Dantokpa, kowa yakan gama abin da ya kai shi ya juyo gida, sau da yawa ba tare da ƙafarsa ta taɓa yashin bakin teku ba. Yayana ya haura shekara ashirin a unguwar Zongo ta Kwatano yana aikin fiton kayan alhazanmu, kuma duk tsawon wannan lokaci shi ne mai zuwa mana, mu ba mu taɓa kai masa iyali ba. Da yake zumunta a ƙafa take, a hutun ƙarshen watan Disamba na 2022 na ɗauki maiɗakina da yaranmu uku da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu wadda ita ta rage mana a manya, muka hau kar muka bi ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso da Gaya, muka ƙetare gadar kogin Kwara zuwa Malanbil, sannan Kandi da Paraku da Bohikon, tafiyar kusan kilomita 1,400 da ta ci mana yini biyu. Tun da aka rufe iyakar a ƙarshen Yulin 2023 sha'anin wannan hanya ya sauya, don haka wanda ya yi niyya ya fara tambayar direbobi a tasha. Abin da zan yi magana a kai shi ne masaukin da muka kwana huɗu a cikinsa a Gran-Popo, wani gari na bakin teku a ƙasar Benin, da hidimar kwale-kwale da fita bakin teku da yake shirya wa baƙinsa, domin ƴan'uwa da abokan aiki sun yi ta tambayata ko wurin ya cancanci kuɗinsa.

Dalilin zaɓen garin mai sauƙi ne. Gidan Yaya ɗaki biyu ne da falo, ƙanwar maiɗakina kuma tana aure a Lome, can kuma wani abokina na ƙuruciya, wanda muka yi makarantar firamare tare a unguwar Bagalam, yake sayar da atamfa a babbar kasuwa. Gran-Popo yana kan babbar hanyar da ta haɗa Kwatano da Lome, kimanin kilomita 80 yamma da Kwatano, ba nisa da iyakar Togo ta Hilakonji, saboda haka kowane ɓangare ya yi tafiyar da ba ta fi ƙarfinsa ba muka haɗu a tsakiya. Mu goma sha huɗu ne har da jaririya. Ba zan faɗi sunan masaukin ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan rubuta, kuma na san a irin waɗannan wurare ƙananan ma'aikata ne suke shan faɗa idan maganar baƙo ta fita waje. Akwai irinsa da dama a jere a wannan gaɓa, tsakanin titi da teku, kuma tambayoyin da ya kamata a yi wa wannan su ne ya kamata a yi wa sauran.

Ɗakunan an gina su da siminti, zagayayyu kamar na ƙauyukanmu, da jinkar ciyawa a sama, a warwatse cikin itatuwan kwakwa. Mun kama biyar, kowanne jika 15 a dare, wato sefa 15,000, kuma tun da kuɗin Benin da namu ɗaya ne babu wahalar canji. Kowane ɗaki yana da gado babba da gidan sauro marar ɓula, da fanka, da makewayi a ciki, kuma da muka nemi ƙarin katifu don yara an kawo ba tare da an ƙara mana ko dala ba. Zanen gado tsaf yake, ana share ɗaki kowace safiya. Abin da mutumin Maraɗi zai fara lura da shi shi ne laima. Mun baro gida cikin tsakiyar hunturu, leɓe yana fashewa, kaushi yana damun kowa, sai ga mu a inda tufafin da aka shanya da safe suke kaiwa la'asar ba su bushe ba, kuma iskar gishiri ta sa duk wani ƙarfe ya yi tsatsa, har makullin ɗakin Gwaggo sai da aka zuba masa mai kafin ya juya. Ruwan famfo yana da ɗan gishiri-gishiri, sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, ya isa wanka da alwala, amma na sha sai an saya, kuma a nan masaukin yake tsuga kuɗi, gara mutum ya shigo da nasa daga gari. Wuta ta ɗauke sau biyu, aka tada inji cikin ƴan mintuna. Ƙarar teku kuwa ba ta tsayawa dare da rana, a daren farko ma Gwaggo ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce, "Kai ɗan nan, tashi ka shigo da takalman yara, hadari ya taso," na leƙa na ga taurari sun cika sama.

Masaukin ba shi da wurin salla, yarinyar da ke karɓar baƙi kuma ba ta san inda alƙibla take ba, ba ta kuma ɓoye rashin saninta ba. Mai gadin dare ne ya fitar da mu. Dattijo ne ɗan Malanbil, yana jin Dendi da Hausa, da ya ji muna magana sai ya taso da fara'arsa ya ce, "Malam, daga ina? Wannan Hausar ta Katsinawan Maraɗi ce." Shi ya nuna mana cewa a nan sai an karkata zuwa arewa fiye da yadda muka saba a gida, ya share mana wata rumfa a bayan ɗakuna, ya kawo tabarmi biyu da butoci daga ɗakinsa, kuma kullum da asuba shi yake tayar da mu. Wannan kyautatawa tasa ce shi kaɗai, ba ta cikin tsarin masaukin, kuma ina ganin wurin da ke karɓar baƙi daga Nijar da arewacin Najeriya da arewacin Benin ɗin kanta bai kamata ya bar irin wannan ga sa'a ba. Akwai mashaya a gefen wurin cin abinci, sai dai tana nesa da ɗakuna, kiɗa kuma yana tsayawa wajen ƙarfe goma sha ɗaya.

Abinci yana cikin abin da ba ni da ta cewa a kansa. Yaya ya shiga madafa tun ranar farko ya yi wa mai dafuwa bayani cewa ba ma cin alade, ba ma son a sa giya a miya, kuma naman da ba mu san wanda ya yanka ba za mu bar shi. Matar ta ce to kifi fa, muka ce kifi ba shi da yanka, daga nan ta ware mana tukwane da kaskon suya na daban, ta riƙa nuna mana kifin ɗanye kafin ta gasa. Wanda ya saba da busasshen kifi da tarwaɗar tafkin Madarumfa zai ji bambanci, domin kifin teku da aka kama da safe aka gasa da rana namansa fari ne mai tauri, ba ya buƙatar komai sai albasa da tumatir da yaji. Suna haɗa shi da shinkafa ko soyayyar ayaba ko wani tuwon masara mai ɗan tsami da suke ci a can, wanda yara suka ƙi, manya kuma suka saba da shi a kwana na biyu. Jatan lande da ƙaguwa Gwaggo ta ce ita ba ta cin abin da ya yi kama da kunama, ba a kuma matsa mata ba. Aibin madafar ɗaya ne, jinkiri, domin idan ba a ba da oda tun ƙarfe goma ba, abincin rana sai bayan la'asar. Maiɗakina ta yi dabara da ta taho da fura da kilishi da kayan shayi, su suka riƙe yara a tsakani.

A bakin tekun ne masaukin ya yi sakacin da har yau idan na tuna gabana yake faɗuwa. Daga ƙofar ɗakinmu zuwa ruwa bai fi taku ɗari ba, babu katanga, babu igiya, babu allon gargaɗi ko da Faransanci, babu kuma wanda ya ce mana uffan lokacin da muka karɓi makullai. Mu kuwa ruwan da muka sani shi ne Gulbin Maraɗi, wanda yake gudu da damina ya koma yashi da rani, da tafki wanda yake kwance inda aka bar shi. Teku a wannan gaɓa wani abu ne daban. Yashin yana gangarawa ne da sauri, igiyar ruwa tana tasowa ta fashe daf da gaɓa, idan kuma za ta koma sai ta zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum, ya ji kamar ana janye masa tabarma yana tsaye a kai. Ruwan yana cika yana janyewa sau biyu a yini da dare, saboda haka inda aka zauna a bushe da hantsi yana iya zama cikin ruwa da azahar.

Da safiyar kwana na biyu masunta suna jan taru. Kwale-kwale ne yake kai shi can ciki ya zagayo, sannan mutane su kama igiyoyin biyu daga gaɓa, maza da mata da yara, wajen talatin a kowace igiya, suna ja da baya taku ɗaya-ɗaya bisa amon waƙa, wanda ya kai ƙarshe ya saki ya dawo gaba ya sake kamawa. Aikin yana cin awoyi. Yaranmu suka shiga layi, babu wanda ya kore su, har wata tsohuwa ta gyara wa babban ɗana riƙo don kada igiya ta sale masa tafin hannu. Hankalinmu duka yana can, sai ɗan Yaya mai shekara tara ya sulale ya bi wata ƙaramar ƙaguwa zuwa bakin ruwa, ya juya wa teku baya. Na ga igiyar ta taso, na buɗe baki, kafin murya ta fito ta buge shi ta ƙwauri ya faɗi, ruwa mai komawa ya ja shi kamar tsumma. Wani saurayi daga cikin masu jan tarun ya saki igiya ya yi tsalle biyu ya cafke shi ta wuyan riga, ya dasa ƙafafunsa cikin yashi har ruwan ya wuce, sannan ya ɗauko shi ya dire a gaban uwarsa, yashi cike da bakinsa da kunnuwansa. Duk abin bai kai minti ɗaya ba. Matar Yaya ta zube ƙasa tana salati, saurayin kuwa ya koma igiyarsa, sai da Yaya ya bi shi kafin ya karɓi ɗan abin da aka ba shi, shi ma da ƙyar.

Da na je wajen mai kula da masaukin na faɗa masa, ya nuna damuwa ta gaskiya, amma amsarsa ita ce kowa ya san tekun nan ba a wasa da shi. Na ce masa ɗan gari ne ya sani, wanda ya fito daga inda babu teku bai sani ba, kuma allo ɗaya da kalma biyu a wajen ba da makulli ba za su ci masa komai ba. Abin da ya kamata su faɗa mana, mai gadi ne ya faɗa mana da daddare: wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce idon sawunsa, kada kowa ya ba teku baya, kada a bar yaro shi kaɗai ko da a kan busasshen yashi ne, kuma mata su sani zane da dogon hijabi idan sun jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Ya ce ko waɗanda suka iya iyo a kogi tekun nan yana cin su, saboda akwai wuraren da ruwa yake komawa ciki da ƙarfi kamar kwazazzabo, ba a gane su sai wanda ya tashi a nan.

Bayan wannan na so in soke fitar kwale-kwale da muka riga muka biya wa jika 40, Yaya ne ya hana, kuma na gode masa, domin ita ce mafi kyawun abin da masaukin ya sayar mana, ko da yake alherin da ke cikinta na matuƙin ne. Tafiyar a kan kogin Mono ake yin ta, wanda ya taso daga Togo ya yi kusan kilomita 400, ya zama iyakar ƙasashen biyu a ƙarshen tafiyarsa, sannan a Gran-Popo ya karkata gabas ya bi gefen teku, siririn tudun yashi ne kawai tsakaninsu, har inda ya samu kafa ya shiga. Wannan kafa ita ake kira Bouche du Roy, sunan da ya samo asali daga kalmomin Fotugis masu ma'anar bakin kogi, Faransawa suka juya shi ya koma bakin sarki. Yadda ake furta ƙarshensa ya yi kama da "ruwa", har autarmu ta tambaye ni ko Bahaushe ne ya raɗa wa wurin suna.

Mota ta kai mu mashiga ta tsohuwar unguwar Gbekon, inda gidajen ƴan kasuwar zamanin Turawa suke tsaye babu rufi, teku kuma ya riga ya cinye wani sashe na tsohon garin. Mu goma sha biyu muka je, mai jego da jaririyarta suka zauna. Matuƙin, mutum ne siriri mai furfura wanda ba ya yawan magana, ya ƙirga mu da ido, ya dubi jirginsa, ya ce wa yaron masaukin da ya rako mu shi mutum takwas yake ɗauka. Yaron ya ce ai biyar yara ne, ba su da nauyi. Matuƙin ya ce yaro ba nauyinsa ake ji ba, motsinsa ake ji, idan biyar suka ruga gefe ɗaya don ganin tsuntsu jirgi ba ya tambayar shekarunsu. Ya bar mu tsaye kusan rabin awa ya je ya taho da ƙanensa da jirgi na biyu, ya raba mu shida-shida, ya sa kowane yaro tsakanin manya biyu. Duk wanda yake jin labarin jiragen da ke kifewa a kogin Kwara ranar kasuwa saboda lodi ya wuce kima zai gane abin da ya sa wannan rabin awa bai dame ni ba ko kaɗan.

Rigunan ceto, waɗanda suke kira jile, sun isa kowa, sai dai duka na manya ne, kuma wannan aibi ne babba ga wurin da ke tallata kansa ga masu iyali. Matuƙin ya san haka, shi ya sa ya durƙusa gaban kowane yaro ya tsuke maɗaurai iya tsukewa, ya ratsa igiya ta tsakanin ƙafafu ya ɗaure ta baya, sannan ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga yaron sama don ya ga ko zai zame ta ƙasa. Gwaggo ta ce ita ba za ta sa wannan abu a kan hijabinta ba, wanda ya kai ta Makka ya dawo da ita shi zai tsare ta. Yaya ya fassara, matuƙin ya ajiye igiyar inji ya zauna a bakin jirgi ya naɗe hannu, ya ce, "Hajiya, ni ma Allah nake roƙo kullum kafin in shiga, amma jirgin nan ba zai motsa ba sai kin sa." Gwaggo ta dube shi ta ɗan jima, sannan ta miƙa hannu ta ce wa maiɗakina, "Zo ki ɗaura mini, ƴar nan, mutumin nan ya san aikinsa."

Ruwan kogin a kwance yake kamar na Madarumfa, saboda haka tsoro ya sake mu tun ba a yi nisa ba. Gefe da gefe itatuwan da ake kira mangurob ne, waɗanda suke tsaye cikin ruwan gishiri bisa saiwoyi masu kama da ƙafafu, kifi yana ƙyanƙyasa a ƙarƙashinsu, balbela da wasu tsuntsayen da ban san su ba suna kwana a kansu. Matuƙin ya kashe inji ya shigar da mu wani siririn lungu da doguwar gora, inda rassa suka haɗe a sama har rana ba ta ratsowa. Ya nuna mana wata alama ta ciyawa da aka kafa a bakin wani kurmi, ya ce an damƙa wurin ga Zangbeto, dodon da ke gadin dare a al'adarsu, don kada kowa ya sari itace, kuma mutane suna jin tsoron wannan fiye da tarar gwamnati. Bai nemi mu gaskata ba, mu ma ba mu yi masa gardama ba. Wannan yanki na ƙarshen Mono, ɓangaren Benin da na Togo, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu a 2017, kunkurun teku kuma suna fitowa su yi ƙwai a yashin gaɓar.

Mun tsaya a wani ƙauye na masu dafa gishiri, kuma a nan Gwaggo ta fi kowa jin daɗi. Mata suna kankare ƙasar da ruwan gishiri ya janye ya bari, su zuba ta cikin manyan kwanduna, su kwarara ruwa a kai, ruwan da ya tsiyayo ta ƙasa su tara shi su dafa a faffaɗan kwanoni har ya ƙone ya bar farin gishiri. Gwaggo ta tsaya tana kallo, sai ta ce ai wannan aikin Foga ne, haka ta ga ana yi a dallol ɗin da ke kusa da Gaya lokacin da mijinta yake fataucin gishiri, ƙasa ce ake tacewa a dafa. Ta karɓi ludayin daga hannun wata mata ta kwashe kumfar da ke saman kwanon kamar wadda ta kwana tana yi, matan suka yi ta shewa. Ba su da harshe ɗaya, amma sun fi rabin awa tare, ta sayi ƙullin gishiri uku ba ta nemi ragi ba. Matuƙin bai gaggauta mu ba, bai kuma kai mu wajen masu sayar da tsarabar da ake cusa wa baƙi ba.

Bakin kogin kansa ana jin sa kafin a gan shi. Ruwa ya fara rawa a ƙarƙashin jirgi, launinsa ya rabu biyu, jan ruwan kogi da koren ruwan teku suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba, can gaba kuma farin kumfa ne inda igiyoyi suke karo da ruwan da ke fita. Abokina na Lome ya roƙi a matsa kusa don ya ɗauki hoto da waya, har ya ce zai ƙara kuɗi. Matuƙin ya girgiza kai, ya juya jirgi tun da sauran nisa, ya sauke mu a tudun yashi ta ɓangaren kogi, ya ja layi da ƙafarsa a ƙasa ya ce kada yaro ya ƙetare shi. Ya ce bakin ba ya zama wuri ɗaya, yashi yana tura shi shekara bayan shekara, wani lokaci har sai an haƙa masa hanya idan kogi ya cika don kada ƙauyuka su nutse. A nan, a ɓangaren da ruwa yake kwance bai wuce gwiwa ba, ya bar yara suka yi wanka shi da ƙanensa suna tsaye a cikin ruwa ta bayansu, har ɗan Yaya, wanda tun jiya bai yarda ya kalli teku ba, ya shiga. Mun yi azahar da la'asar a kan yashin, muka sha ruwan kwakwa, muka juyo.

Fita ta biyu da masaukin ya shirya, zuwa Wida, ba ta kai wannan ba ko kusa. Motar tana da kyau, amma direban ya ɗauke mu kamar kayan da zai sauke ya koma. A Wida akwai hanya ta kusan kilomita huɗu daga gari zuwa gaɓa wadda aka riƙa bi da bayi, a ƙarshenta kuma akwai ƙofar tunawa da aka gina a 1995, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. Cikin waɗanda aka fitar ta gaɓar nan akwai Hausawa, har sunansu ya fito a tarihin Bahiya ta Barazil, inda bayi Musulmi suka yi bore a 1835. Na so in tsaya in yi wa yara wannan bayani a natse, su san cewa wurin ya shafe su, amma minti goma sha biyar direban ya ba mu yana ta danna oda. Wanda yake son Wida ya ɗauki mota daga Kwatano, tafiyar kilomita 40 ce, ya nemi ɗan jagora a can. Haka ma Ganbiye, garin da aka gina bisa turaku a tafkin Nokuwe: masaukin yana tallarsa, amma mashigarsa tana Kalabi ne kusa da Kwatano, babu dalilin biyan kuɗin mota daga Gran-Popo.

Ranar tafiya aka kawo takardar kuɗi, na ga an rubuta jika 80 a gaban kwale-kwale. Mai kula da wurin ya ce ai jirgi biyu muka shiga. Na ce masa tun ranar da muka biya mun faɗa masa mu goma sha biyu ne, shi ya ce jirgi ɗaya ya isa, kuma da matuƙin ya bi maganarsa da an cusa mu a jirgin mutum takwas. Ban ƙi biyan jirgi na biyu ba, domin ƙanen matuƙin ya yi aikinsa, man inji kuma ba kyauta ba ne, da an gaya mini tun farko da na biya ba tare da na ce komai ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne a yi shiru har sai jakunkuna suna cikin mota sannan a fito da maganar. Yaya, wanda ya saba da irin wannan ciniki a tashar jiragen ruwa, ya ce a kira matuƙin a waya, aka kira, aka tsaya a kan jika 60, da sharaɗin ƙarin jika 20 ɗin mu da kanmu za mu miƙa wa ƙanen hannu da hannu, haka kuwa aka yi a kan hanyarmu ta fita. An kuma sa mana kuɗin karin kumallo na mutum goma sha huɗu har da jaririyar da ke shan nono, wannan kam da na nuna an goge shi nan take tare da ba da haƙuri.

Ga mai tambaya ko ya je, amsata ita ce ɗakunan da abincin sun ci kuɗinsu, kuma ban san wani wuri tsakanin Kwatano da Lome da dangi goma sha huɗu za su zauna a inuwa ɗaya su yi hira har dare a kan wannan farashi ba. Amma ya sa a rubuta masa komai a takarda tun kafin ya ajiye jaka, yawan jirage da yawan mutanen da kowanne zai ɗauka da abin da ke cikin kuɗin ɗaki, ya nemi ganin rigunan ceto da idonsa, kuma ya ɗauka cewa tsaron yaransa a bakin teku yana wuyansa shi kaɗai, domin masaukin bai ɗauki wannan nauyi ba. Yaya yana so mu sake haɗuwa a can idan hanya ta daidaita, na kuma amsa masa. Mai kula da wurin ya yi mini alkawarin kafa allon gargaɗi da sayen riguna na yara, saboda haka na roƙi mijin ƙanwar maiɗakina, wanda yake bin hanyar duk wata, ya ratse ya duba ko an yi, kuma ya karɓo mini lambar matuƙin nan mai furfura kafin mu ba da ko dala ta kafin alƙalami.